Taken Ashiru

Duk wanda ya taɓa riƙe garma a gayya a ƙauyukan da ke tsakanin Roni da Gwiwa ya san Sama'ilu Mai Ganga. Ni a bakin aiki na san shi, lokacin ina malamin gona ina yawo da wani tsohon babur da ya fi son turi a kan tafiya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kunnensa na hagu kuma ya daɗe da ajiye aiki saboda ƙarar ganga, don haka mai son magana da shi sai ya zagayo ta dama. Ina jin abin da ya sa jininmu ya haɗu shi ne ni ma ban iya magana a hankali ba.

Gangar noma ya gada wurin mahaifinsa. Idan aka kira gayya, manoma suka jeru a bakin kunya, shi ne ke bin su a baya da ganga yana zuga su. Duk manomin da ya isa yana da takensa, wato ɗan gajeren kiɗa da 'yan kalmomi da aka yi dominsa shi kaɗai. Da ya ji an buga sai ya ɗaga garma sama, ya yi kirari, ya duƙa kamar ba shi ne ke nishi ɗazu ba. Na sha ganin dattijo mai ciwon baya ya manta da ciwon har la'asar, in ya koma gida matarsa ta sha aikin gashi da ruwan zafi.

A gidan su Sama'ilu akwai ƙa'idoji biyu da ya ce tun kakansa ake bin su. Ta farko, take in ka yi wa mutum ya zama nasa, kai makaɗi ajiya kawai ka riƙe. Ta biyu, ranar da mai take ya rasu an rufe taken, ba a ƙara taɓa shi. "Da shi ake binne mutum," in ji shi. Na taɓa ce masa wannan asara ce, ya dube ni ya ce ai ni ma ban taɓa ganin an raba wa mutane likkafani gado ba.

Cikin duk taken da ya yi babu wanda ya kai na Ashiru. Ashiru manomi ne a wani ƙauye kusa da Gwiwa, abokinsa tun suna kiwon awaki, dogo marar yawan magana, wanda in ya kama huɗa sai an ce masa ya isa. Takensa yana da wani abu da sauran ba su da shi. Ganga za ta yi gudu, Sama'ilu ya rera, "Gona ta yi kira, wa zai amsa?" Daga nan sai ya ɗauke hannu, kiɗa ya tsaya cak. A cikin wannan shirun Ashiru zai miƙe ya kira sunan kansa da ƙarfi, "Ashiru!" sannan ganga ta ci gaba. Mutumin da zai wuni bai ce uffan ba, a nan kaɗai ake jin muryarsa daga gona uku.

Sai zamani ya juya. Maganin feshi ya shigo, ciyawar da mutum ashirin za su wuni a kanta, mutum ɗaya da jarka a baya ya gama da ita kafin azahar. Ni ne ma na koya wa wasu yadda ake haɗa maganin, kuma Sama'ilu bai taɓa barin in manta ba. Gayya ta ja baya, ganga ta koma rataye a zaure, shi kuma ya koma ga 'yar gonarsa da gyaran gangunan mutane. A gayya ta ƙarshe da Ashiru ya halarta wani ya ɗauki taken da waya. Bayan girbin wannan shekarar Ashiru ya kwanta jinya, bai tashi ba. Sama'ilu ya yi masa wanka, ya raka shi, ya rufe taken.

Matar Ashiru sunanta Ikilima, tana sayar da daddawa a kasuwar Gwiwa. Irin matan nan ne na da, waɗanda ba sa kiran sunan miji ko da wasa. Tun da aka kawo ta gidan, "shi" take cewa, ko "mai gidan". Akwai wani maƙwabcinsu mai suna Ashiru, shi ma bai tsira ba, "Mai sunan Malam" take kiran sa har ya yi furfura.

Wata ranar kasuwa tana zaune gaban faifan daddawarta sai ta ji taken mijinta yana fitowa daga lasifikar masu cajin waya. An ƙara masa gudu, an ɗora masa fiyano, wani saurayi yana rera kalaman soyayya a kai. Amma gangar ita ce, muryar Sama'ilu ma tana nan: "Gona ta yi kira, wa zai amsa?" A wurin shirun an yanke muryar Ashiru, an sa muryar wata yarinya tana cewa, "Masoyiya!" Samari suna ta rawa a gefen masu rake.

Washegari ta zo gidan Sama'ilu, na tarar da su a zaure.

"Malam Sama'ilu, kai ka ba su?"

"Wallahi ban ba kowa ba, Ikilima."

"To, a cire. Ni ban san yadda ake cirewa ba, amma a cire. Mutum yana kwance ana rawa a kansa."

A lokacin ne muka ji cewa ƙungiyar mawaƙa za ta yi taro a Kazaure kan doka da haƙƙin mallaka da sababbin na'urori. Na ce masa mu je, ko ba komai za a ba mu shinkafa. Na goya shi a babur muka tafi.

Zauren taron ya cika da samari masu baƙin tabarau a cikin ɗaki, da 'yan tsirarun dattawa irinmu da aka ajiye a gaba don hoto. An yi bayanin yadda ake ɗora waƙa a intanet, da yadda kamfani ke ƙulla yarjejeniya da mawaƙi, har da wata na'ura da aka ce tana iya rera waƙa da muryar mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Sama'ilu ya juya kunnen dama yana saurare, da aka zo kan na'urar ya matso ya tambaye ni ko tana iya noma. Sai wata lauya, Barista Sadiyya, ta yi magana a kan haƙƙin mawaƙi da Hausa mai daɗi, ta ce mai tambaya ya tashi. Sama'ilu ya miƙe ya ba da labarinsa.

"Baba, waƙar wa ce?" ta tambaye shi.

"Ta Ashiru ce, ranki ya daɗe."

"To shi Ashirun ne zai kawo ƙorafi."

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙan sa. Sai magadansa ke nan. Shi kaɗai ya ƙirƙire ta?"

"A'a, bai iya kiɗa ba. Ni na yi ta."

"Ashe taka ce, Baba."

"A'a, tasa ce."

Zauren ya fashe da dariya, ni ma na yi, duk da na san babu wanda ya yi wauta a cikinsu. Mu a wurinmu in an ce waƙar wane, wanda aka yi wa ake nufi. Haka muka taso muna faɗa, ba mu taɓa jin ya yi mana karo ba. Ita kuwa doka wanda ya yi take nema, domin shi take son ta kare. Kalma ɗaya ce, kowa ya riƙe gefensa, kuma ni a ranar na fara tunanin cewa duk shekarun da Sama'ilu ya yi yana kiɗa, a lissafinsa bai mallaki waƙa ko ɗaya ba.

Da aka tashi cin abinci Barista Sadiyya ta sauko ta zauna kusa da shi, ta ɓangaren dama bayan na yi mata ishara. Ba a daɗe ba wani saurayi ya zo ya durƙusa ya gaishe mu. Sunansa Jalaluddeen, yana da ɗan sitidiyo a cikin gari, shi ne ya haɗa waƙar. Ya ce a wayar wani ya tsinci kiɗan, ya ɗauka irin kiɗan gargajiyar nan ne da ba shi da mai shi. Na so in yi masa faɗa, amma yaron kansa a ƙasa yake, kuma gaskiya yadda ya yi maganar gangar ka san yana son ta. Matsalar ita ce ya riga ya miƙa waƙar ga wani kamfani a Kano, su suka ɗora, kuma ba za su sauke ba sai mai kiɗan na asali ya fito ya ce nasa ne bai ba da izini ba.

"Abin da ake buƙata ke nan, Baba," in ji lauyar. "Kwamitin ƙungiya zai zauna, ka zo ka ce taka ce. Sauran aikin ka bar mini."

Sama'ilu ya ɗago ya dubi lauyar.

"'Yata, kyauta na yi masa. In na ce tawa ce yanzu da ba ya nan, kamar na shiga ɗakinsa ne na ɗauko rigar da na ba shi."

A hanyar komawa na yi masa surutu har muka wuce duwatsun Kazaure. Na ce kalma ce kawai, ka faɗe ta a wuce wurin. Da na waiga na ga ya juyo mini kunnen hagu ne da gangan.

Muka zarce gidan Ikilima, ya gaya mata yadda aka yi, bai rage komai ba. Ta aika aka kira babban ɗansu Muhsin daga gona. Ta ce da aka yi rabon gado an raba gona, an raba shanun huɗa, har garmar an san wanda ya ɗauka, amma babu wanda ya ambaci take.

"In nasa ne, ai ya zama namu ke nan, ko ba haka ba, Malamin gona?"

Na ce haka ne, ko da yake ban taɓa karanta wannan babin ba.

"To ni da 'ya'yansa mun ba ka, Malam Sama'ilu. Halak malak. Je ka faɗa, ba ƙarya ka yi ba."

Muhsin ya ce ya amince, zai kuma gaya wa ƙannensa. Sama'ilu ya sunkuyar da kai ya ce ya karɓa.

Ranar zaman kwamiti ina wurin. Da aka tambaye shi, ya miƙe ya ce, "Tawa ce." Murya ƙasa-ƙasa, har sai da aka ce ya maimaita. Wannan mutumin da ake jin muryarsa daga ƙauye zuwa ƙauye. Na ji tausayinsa ƙwarai a ranar, na kuma daina cewa kalma ce kawai.

Barista Sadiyya ta cika alkawari. Aka sauke waƙar, Jalaluddeen da kansa ya bi masu tura waƙa a kasuwanni yana roƙo su goge. Wadda ta saura a wayoyin mutane kuma sababbin waƙoƙi suka danne ta, kafin damina ta zagayo an manta da ita.

Bayan noman farko muka je duba Ikilima da rana, Sama'ilu da gangarsa a kafaɗa domin daga gidan wani suna muke. Ta shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, ta kawo fura. Na ce mata ai yanzu hankali ya kwanta. Ta ce eh, Allah ya saka da alheri. Sai ta shiga murza bakin mayafinta.

"Amma kun san wani abu? Da can in na je kasuwa ina jin haushi, amma ina jin sa. Yanzu ina zuwa in dawo, babu ko'ina."

Sai ta juya ta dubi gangar.

"Malam Sama'ilu, buga mini shi sau ɗaya."

"Kin san ƙa'idar gidanmu, Ikilima. Ba a buga taken wanda ya rasu."

"Na sani. Amma mai taken bai rasu ba. Ga shi nan zaune yana shan furata, a gaban mutane ya ce nasa ne."

Sama'ilu ya dube ni kamar ni zan cece shi, na kawar da kai ina kallon kaji. Can ya ajiye ludayi, ya jawo gangar, ya shafa fatarta da tafin hannu. Ya fara a hankali, hannun yana neman hanya, sannan kiɗan ya miƙe yadda na san shi a bakin kunya. Mata suka leƙo ta kan katanga. Ya rera, "Gona ta yi kira, wa zai amsa?" Ya ɗauke hannu.

Ban taɓa jin shirun ya yi tsawo haka ba. Sama'ilu ya riƙe makaɗin a sama, ya kasa saukewa, domin a duk rayuwarsa bai taɓa ci gaba ba sai an amsa.

Ikilima tana kallon ƙasa. A hankali, kamar mai tsoron kada maƙwabta su ji, ta ce, "Ashiru."