Jan Ƙyalle na Bakwai

Alhamis ce, kwana tara da ruwan kogi ya tsallake jinga ya shigo ƙauyenmu, gabas da Kirikasamma. Zan faɗi ranar yadda ta tafi, sa'a bayan sa'a. A cikinta akwai minti ɗaya da na yi wata biyu ina ɓoye wa matata Kulu, ita kuwa tana ta dakon laifin da ba nata ba.

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na ji motsin 'yata a madafa, tana sahur. Azumin Alhamis ba ya wuce ta. Sai atishawa take yi, don mura ta kama ta tun ranar da muka kwashe kaya a cikin ruwa.

"Ki bar azumin nan ki sha magani," na ce daga bakin ƙofa.

"Baba, hanci ne ya toshe, ba ciki ba."

Ƙarfe bakwai ta hau keken ɗinkinta a rumfa. Ta ɗora ƙafafunsa a kan bulo huɗu saboda laima. Tana haɗa yankakkun atamfa da wasu teloli suka zubar, tana ɗinka mayafin gado.

Ƙarfe tara ta shiga ɗakin ajiya ta gyara kantar da muke jera kaya a kai. A nan sai na yi bayani. Muna da jarkoki iri biyu a gidan, duka farare, duka masu cin lita biyar. Wasu na man girki ne da suka ƙare, ana zuba ruwa ko kunu a ciki. Bakwai kuma na maganin ƙwari ne, waɗanda na feshe shinkafata da su. Kafin ambaliya waɗannan bakwai a bayan gida suke, nesa da komai. Da ruwa ya shigo, ya jiƙa takardun jikinsu duk suka saɓule, kuma wuri busasshe ɗaya ya rage mana, wato kantar nan. Sai aka jera su tare. Abin da ya bambanta su kawai shi ne jan ƙyallen da 'yata ta ɗaura a mariƙin kowace mai guba.

Ƙarfe goma sha ɗaya na tayar da injin ban-ruwa don in janye ruwan da ya kwanta a fangalin irin tattasaina. Tiyo ya tsage daf da bakin injin, ruwa yana ta feshi. Na nemi tsohuwar robar taya ban samu ba. Na leƙa ɗakin ajiya, na ga jan ƙyalle, dogo, mai ƙarfi. Na kwance shi daga jarkar da ta fi kusa da hannuna. Na ce a raina, da na gama zan mayar. Na naɗe tsagar, na ɗaure tamau, yoyo ya tsaya.

Ƙarfe ɗaya na shigo cin abinci, har da ɗan alfahari.

"Yau na gyara tiyo ban aika Hadejia sayen sabo ba."

"Kai, Inna, zo ki ji! Baba ya musulunta!" in ji 'yata.

"Ke, babanki kike faɗa wa haka?" in ji Kulu, tana dariya.

"To ai shekara nawa ina masa wa'azi."

Ba ta tambaye ni da me na ɗaure ba. Ni ma ban faɗa ba, don a lokacin ban ga abin faɗa a ciki ba.

Ƙarfe biyu suka daka jiƙaƙƙiyar aya a turmi, tunda injin markaɗe yana cikin ruwa. 'Yata ta sa dabino da citta da kanumfari da yawa, wai ko za ta ji ɗanɗano.

Ƙarfe huɗu ina alwalar La'asar na ji ta ce, "Inna, miƙo min jarka ɗaya, marar ƙyalle." Kulu ta miƙa mata. Ta ɗauraye sau ɗaya, ta ɗura kunun ayar, ta saka jarkar a cikin abin sanyaya ruwanta: ƙaramar randa a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Na ji maganar da kunnena. Hankalina yana kan sandar da muka kafa a ƙofar masallaci muna auna hawan ruwa.

Ƙarfe shida da minti ashirin da biyar aka kira Magariba. Ina masallaci. Kulu ba ta shan kunun aya, yana tayar mata da ciki. 'Yata ta kafa kai a bakin jarkar ta sha mai yawa, irin shan wanda ya wuni da ƙishirwa.

Nan ranar ta ƙare.

Da na shigo na tarar da ita a kan tabarma, gumi ya jiƙa ta, yawu yana zuba, ƙwayar idonta ta tsuke kamar kan allura. Na san alamomin nan. Shekara da shekaru ina nuna wa manoma su a jikin allo. Na ɗauki jarkar na shinshina. Na dubi mariƙinta. Maƙwabcinmu Badamasi, masunci, shi ya ɗauke mu a kwale-kwalensa, don hanyar mota ta nutse. Ya yi ta tura kwale-kwalen da gora cikin ciyawar kacala har tafin hannunsa ya fashe. Mun kai inda kwalta ta fara, mun samu mota. Ba mu kai Hadejia da ita da rai ba.

Ita ce 'yar farinmu, saboda haka ban taɓa kiran sunanta na yanka ba. 'Yar'azumi muke ce mata, don cikin watan azumi aka haife ta. Sunanta Mardiyya. Wannan ne karo na farko da na rubuta shi ba a takardar makaranta ko ta asibiti ba. Shekararta ashirin da huɗu.

Ban san inda ta samo halinta ba. Tun tana 'yar shekara shida take dawowa gida da aljihu cike da marafan kwalba da guntayen waya. Da ta girma abin ya zama sana'a. Ta koyi ɗinki, amma rabin aikinta ba a kan sabon yadi take yinsa ba. Buhun shinkafa ya yage, ta warware zarensa ta tufka igiyar ɗaure akuya. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi na zogale ne. Tokar murhu ta wanke tukwane ce. Gwangwanin tumatir ya zama ma'aunin gishiri, babban na madara ya zama murhun gawayi. Kacalar da ta cinye mana gonaki da hanyoyin ruwa, wadda kowa yake tsine wa, ita yanko ta take yi ta busar, ta saƙa asabari, furenta mai laushi kuma ta cusa a matashin kai. Matan unguwa suka sa mata suna Ba-a-yarwa. Idan tasa ta ɓule sai su aiko mata, rabi tsokana, rabi kuma don sun san za ta dawo musu da wani abu.

Wata rana Zainaba, matar Badamasi, ta kawo mata takalmin roba ƙafa ɗaya.

"Ga shi, Ba-a-yarwa, in kin isa."

"Ina ɗan'uwansa?"

"Kogi ya tafi da shi."

"To kogin ma ya san abu mai kyau. Ajiye nan, uwar ɓarna."

Kwana biyu sai ga shi an yanka shi ƙanana, an zura a bakin komar Badamasi, suna hana ta nutsewa.

Ni kuwa aikin gona na karanta a jami'a, na yi shekara talatin da ɗaya ina malamin gona kafin in yi ritaya. Babu ƙauyen da ban tsaya a cikinsa ba tsakanin Kaugama da Baturiya ina maimaita magana ɗaya: jarkar maganin feshi a ɗauraye ta sau uku a gona, a huda ta, a binne ta. Kada a kai ta gida. Na sha ƙwace irinta a hannun masu tallar nono.

A gidana ne kawai na sassauta. Ranar da 'yata ta ga ina haƙa ramin binne jarkokina, ta tsaya a kaina.

"Baba, roba mai kauri haka za a binne kamar gawa?"

"Guba ce."

"Ai ba tuwo zan zuba ba. Yanka su zan yi in rena darbejiya. Ka ga bakin jinga ko itace ɗaya babu."

Muka yi yarjejeniya. Ba za ta taɓa ko ɗaya ba sai na ɗauraye ta sau uku da hannuna. Kafin nan kowacce za ta zauna da alama. Ita ta kawo dabarar jan ƙyalle. Ta yanka su daga wata tsohuwar rigar sallarta, ita da uwarta. Shekara uku tsarin yana tafiya ba kuskure. Darbejiya arba'in da ɗaya ta dasa. A wannan daminar ne na yi ta ɗaga wankin jarkokin, yau gobe, har ruwa ya zo.

A zaman makoki maza suka yi ta yaba haƙurina. Uba ba ya kukan ɗan fari a gaban mutane, sai aka ɗauka dattako ne ya rufe mini baki. Daga cikin gida ina jiyo Kulu tana gaya wa duk wadda ta shigo, "Ni na miƙa mata. Da hannun nan." Wasu suka ce ƙaddara ce, kuma haka ne. Wasu suka ce, a hankali, tattalin yarinyar ne ya yi yawa, abin da aka ce a yar a yar. Na ji wannan ma. Na bar matata da laifin, na bar 'yata da zargin.

Kulu ta rame. Ta daina shiga ɗakin ajiya in ina gida, amma in na fita sai ta shiga. Na gane haka ne daga laka a gwiwoyin zanenta. Da ruwa ya janye, cikin watan Nuwamba, muka sa ranar fitar da kayan yarinyar. Da hantsi na sami Kulu a durƙushe a ɗakin ajiyar, tana tona busasshiyar laka da tsinken tsintsiya.

"Me kike nema?"

"Bakwai muka yanka, Malam. Ni na riƙe rigar, ita ta sa almakashi. Ga shida a jikin jarkoki. In na ga na bakwai a ƙasa, na san faɗuwa ya yi tun kafin in zo. In ban gan shi ba, to ni na fizge shi garin ɗaukowa ban lura ba." Ta ci gaba da tono. "So nake kawai in sani."

Na ce ta taso. Na kai ta bayan gida inda injin yake a ƙarƙashin buhu. Na yaye buhun. Rana da ruwa sun kashe jan ƙyallen da ke jikin tiyon, ya koma kalar ƙasa, amma ɗinkin bakin rigar yana nan. Na faɗa mata lokacin, ƙarfe goma sha ɗaya, da abin da na ce a raina, da cewa na ji sa'adda aka ce a miƙo marar ƙyalle.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta sa yatsa ta taɓa ƙullin.

"Ya tsayar da yoyon?"

"Ya tsayar."

"To."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta zage ni. Na so ta zage ni. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kawai.

"Wata biyu kana kallona ina tonon ƙasa," ta ce. "Kwancewar ban riƙe ka da ita ba, Malam, kowa yana mantuwa. Kuma ba ka sauke mini komai ba, har gobe ni na miƙa."

Ta koma ciki. Tun daga ranar tana dafa abinci, tana ajiye mini, tana amsa sallamata. Ba ta ƙara zama a tabarma ɗaya da ni ba.

Kayan kuwa a yini ɗaya muka gama da su, don abin da za a kira dukiya kaɗan ne. Keken ɗinki Kulu ta ba Zainaba. Mayafin gadon da ba a ƙarasa ba yana cikin akwatin Kulu, da allurar a soke inda aka tsaya. Tufafinta an raba wa 'yan'uwa. Buhu huɗu na yankakkun atamfa, da gwangwanaye, da marafan kwalba da ta ware kala-kala, da ƙullin igiyoyi, mun fitar da su ƙofar gida muka ce duk mai so ya ɗauka. Matan da suka saba aiko mata da fasassun tasoshi suka zo, suka duba, suka yi mana addu'a, suka tafi hannu wofi. Ba rowar zuciya ba ce. Babu wadda ta san abin da za ta yi da su. Bayan kwana uku na ƙone abin da wuta za ta ci, sauran na zuba a rami.

Randunan sanyaya ruwanta biyu na fasa su. Jarkokin duka, masu guba da marasa guba, goma sha tara, na kai su gona, na ɗauraye kowacce sau uku, na huda, na binne, yadda na koya wa mutane. Darbejiyarta ambaliya ta kashe talatin da biyar. Shida suna nan, awaki suna cin ɓawonsu.

Ƙyallaye shida Kulu ta wanke ta ninke ta ajiye. Na ce zan kwanto mata na bakwai. Ta ce a'a, in bar shi inda na sa shi. Yana nan a jikin tiyon. Da shi na yi ban-ruwan tattasain bana.