Kan Kibiyar da Baba Ya Zaɓa

Shekara goma sha ɗaya da aurena, ban taɓa jin mijina da mahaifina sun yi hirar da ta wuce gaisuwa ba. Ba wani saɓani tsakaninsu, kunya ce kawai ta surukai. Mijina haifaffen Makka ne kamar ni, direban bas, Larabci ya fi masa sauƙi a baki. Baba kuwa daga ƙasar Bauchi ya zo karatu tun yana saurayi, ya yi zamansa a unguwar Ka'akiyya ta Makka, har yau Hausarsa ba ta gauraya da komai ba. In sun haɗu, "Ina wuni, Baba?" "Lafiya lau, ya aiki?" Daga nan kowa ya sa wa kofin shayinsa ido.

Wata shekara, bayan an gama jigilar alhazai tsakanin Muzdalifa da Mina, mijina ya sami hutu. Dama ya daɗe yana koyon harbin baka a wani fili bayan gari, yana harbin allo. Sai wani abokin aikinsa ya gayyace shi wata gona mai shinge a duwatsun bayan Ɗa'if, nesa da harami, inda ake kiwon awakin dutse, a ba mutum izini ya harbi ɗaya. Tun daga ranar gidanmu na unguwar Rusaifa ya rasa sukuni. Ya yi odar kawunan kibiya iri uku, ya jera su a kan kafet, kullum yana juya su. Ɗaya mai baki uku. Ɗaya siriri mai fukafukai a naɗe, wai sai ya shiga jikin dabba suke buɗewa. Na ukun baƙi ne, mai nauyi, baki biyu kamar ƙaramar wuƙa, shi ne ma bai cika kallo ba.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Baba ya zo cin abinci, ya tarar da su a nan. Mijina ya yi wuf zai kwashe, Baba ya ce, "Bar su." Ya zauna, ya sa tabarau, ya ɗauki mai fukafukan.

"Wannan me za a harba da shi?"

"Akuyar dutse, Baba. Wa'al muke ce mata."

"To ka ajiye shi. Wannan agogo ne, ba kibiya ba."

Ina bakin ƙofa da tire a hannu, na ga kunnuwan mijina sun yi ja. Ya fara bayani, Hausa na ƙwace masa yana cikewa da Larabci, wai wannan ya fi tafiya a miƙe, kuma ramin da yake yi ya fi faɗi. Baba ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce mahaifinsa maharbi ne, shi ma ya sha riƙe masa kwari a duwatsun garinsu. Ni 'yarsa ban taɓa jin wannan ba sai ranar.

"Dabbar dutse kafaɗarta ƙashi ce zalla," in ji shi. "In ka ji mata rauni ba ta faɗi ba, hawa za ta yi, ta je ta mutu inda ƙafarka ba za ta kai ba. Ka zalunce ta, kai ma ba ka ci ba. Kuma ka sani, sai kaifi ya yanka bayan ka ambaci sunan Allah take halatta."

Mijina ya ce, cikin ladabi, a gwada a gani. Baba ya juyo gare ni. "Ke, akwai kafaɗar akuya a firjinki?"

Akwai, kuma na riga na yi niyyar abin da zan yi da ita ran Asabar. Haka ina ji ina gani suka ɗauke ta. Da la'asar muka tafi gidan Baba, saboda rufinsa ya fi faɗi. Suka jingina tsohuwar katifa biyu da bango, suka rataye naman a gaba. Mai fukafukan ya shiga, ya ci karo da ƙashi, fiffike ɗaya ya karye ya tsaya. Mai baki uku ya cake a ƙashin, sai da filaya aka zaro shi. Baƙin nan kuwa ya fasa ƙashin, ya wuce katifa ta farko ya nutse cikin ta biyu.

Baba ya gyara hularsa kawai. Mijina ne ya fashe da dariya, ya ce, "Halas, shi ke nan, Baba, na sallama."

Baba ya aike ni ƙasa in ɗauko dutsen wasa wuƙarsa ta layya. Ya zauna yana wasa bakin kibiyar a hankali, yana gwadawa a gashin hannunsa, mijina na tsugune a gefensa. A nan na ji mijina ya tambaye shi dabbobi nawa ya taɓa harbowa.

"Ni? Zabuwa ɗaya. Ita ma gurguwa ce."

Naman dai na tsince ƙasusuwan na yi farfesu, kowa ya ci yana tofar da 'yan ɓaraguzai.

Da ranar tafiya ta zo, mijina ya ce in tambayi Baba ko zai raka shi. Na ce ya tambaye shi da kansa. Ya yi ta zagaye waya kafin ya buga. Kafin ya kai ƙarshen maganar, Baba ya ce ƙarfe nawa za a tashi.

Kwana biyu suka yi. Suka dawo da kwalin rumman, da kwalbar zuma, da fuska duk ta ƙone, babu akuya. Labarin kuwa iri biyu na ji. Mijina ya ce Baba ne ya fara hango garken a kan wani tsauni, suka yi ta rarrafe har suka matso, yana jan tsirkiya iska ta juya, babban bunsurun ya ɗaga kai, kibiyar ta bi ta saman bayansa ta daki dutse. Baba ya ce babu wata iska, hannun yaron ne ya yi rawa, amma ya fi shi ƙoƙari, shi da ya gani ma numfashi ya gagare shi. Sun fi awa ɗaya suna neman kibiyar a cikin duwatsu. Da suka same ta, sandar ta tsage, baƙin kan kuwa ɗan lanƙwasa kawai ya yi a tsini.

Suna ba ni labarin suna katse juna, har shinkafar ta huce na sake ɗumamawa. Da Baba zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmansa, duk duwatsu sun yayyage su. Ya rage murya ya ce in na shiga kasuwa in duba masa irin na mijina, masu igiya da ƙasa mai kauri, lamba arba'in da uku, don sun yi da mai gonar za su koma in sanyi ya shigo.