Sharaɗin Hajiya Kulu Kafin Tiyata

Cikin ranakun da na yi a aikin jinya akwai wadda har yau ba ta bar zuciyata ba, ita ce ranar da Hajiya Kulu ta dawo asibitinmu na nan Illela bayan ta ƙi zuwa Sakkwato karo na biyu, inda ake jiran ta domin a yi mata tiyata. A lokacin ina mataimakin babban jami'in jinya, kuma ni ke kula da ɗakin wankin ciwo da bibiyar marasa lafiyar da muka tura manyan asibitoci. Ina ba da labarin ne saboda ƙannenmu da suka shigo aikin daga baya.

Ga wanda bai san tsarin ba, asibiti irin namu ba ya yin aikin ciwon daji na nono. Idan mace ta zo da ƙullutu, likita zai duba ta, ya tura ta Sakkwato a ɗebi ɗan nama a gwada. In aka tabbatar daji ne, can za a sa mata ranar aiki. Amma kafin aikin, da kuma bayan an sallamo ta, a hannunmu take. Mu ke wanke ciwon, mu ke cire zare, mu ke lura da kumburin hannu. Akwai kuma kwantar da hankalin mara lafiya, wanda aka koya mana a jami'a da muhimmanci ƙwarai, amma a wurin aiki yakan ƙare a 'yan kalmomin da muke faɗa muna haɗa kayan aiki.

Hajiya Kulu ta kusa shekara hamsin a lokacin. 'Yar kasuwa ce, tana saro atamfa da turaren wuta daga Ƙonni tana sayarwa a cikin gida. Mijinta, Alhaji Garba, fataucin wake yake yi tsakanin nan da Nijar. Ta zo mana da wuri, abin da ba kasafai muke samu ba, domin ƙullutun bai fashe ba. Likitan Sakkwato ya ce sai an cire nonon hagu gaba ɗaya, kuma in aka gaggauta akwai kyakkyawan fata. Aka sa rana, ba ta je ba. Aka sake sa wata, ta shiga mota, suna isa Gwadabawa ta ce a juyo da ita gida.

Kowa ya kawo nasa hasashen. Alhaji ya ce tsoron wuƙa ne. Matiron, wato shugabar ma'aikatan jinya ta asibitinmu, ta ce ba mamaki wani mai maganin gargajiya ne ya yi mata alkawarin narkar da shi. Ni kuwa na ɗauka tsoron allurar barci take yi, kada a kwantar da ita ta ƙi farkawa. Saboda haka na yi ta yi mata bayani dalla-dalla, har da zane. Takan saurara har in gama, ta ce, "Na ji, Likita, Allah shi saka." A nan duk namijin da ya sa farar riga likita ne, na daɗe da daina gyara wa mutane.

Ranar da nake magana a kanta, na duba ta tare da Sista Rabi, domin ƙa'ida ce namiji ba ya duba ƙirjin mace sai da ma'aikaciya mace a wurin. Ƙullutun ya ƙaru, fatar da ke kansa ta fara tauri. Na san in aka ƙara 'yan watanni zai fashe, daga nan kuma aikinmu ya koma wanke gyambo da rage zafi har Allah ya yi ikonsa. Bayan ta rufe jikinta Alhaji ya shigo, ransa a ɓace.

"Likita, ka yi mata magana, ni na gaji. Sau biyu ina baro kaya bakin iyaka saboda ita."

"Wa yac ce ka baro?" in ji ta. "Waken tserewa zai yi?"

Na roƙi Alhaji ya ɗan jira a waje. Gaskiya ba wata dabara na tanada ba, bayanina ne ya ƙare. Na jawo kujera na zauna, na ce, "Hajiya, duk abin da na sani na faɗa miki. Ko akwai abin da kike son ji wanda ban taɓo ba?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta ce, "In anka yanke shi, ina za a kai shi?"

Na gaya mata cewa za a sa shi a mazubi mai magani, a kai ɗakin gwaji, a yanki ƙanana daga jikinsa domin a gane irin dajin da kuma ko an kwashe shi duka.

"Sauran fa?"

Na san amsar. Bayan wani lokaci ana ƙone shi tare da sauran abin da ya fito daga ɗakin tiyata. Ƙa'ida ce, kuma tana da dalilinta na kare lafiyar jama'a. Zuciyata ta raya mini in ce ban sani ba, amma na faɗa mata yadda abin yake.

"Na sani," in ji ta. "Wata mata ta gaya min muna layi can Sakkwato. So nike in ji ko kai ma ɓoyewa za ka yi." Ta gyara zama. "Likita, ɗiya bakwai sunka sha nonon ga. Mabiyiyar kowane tana bayan ɗakina, ni ka nuna inda za a gina ramin. Ko kitso na kwance, gashin da ya zuba ba ni barin shi ga shara. Sannan a ɗauki abin da ya raini bakwai a jefa wuta tare da auduga, ni kuwa ina zaune gida ina shan fura?"

Sista Rabi ta tambaye ta abin da ya hana ta faɗa tun farko.

"Wa zan gaya ma, ɗiyata? Babban likita shina Turanci, ɗalibai tsaye bisa kaina kamar an zo kallon amarya. Alhaji kuwa cewa zai yi ina wasa da raina saboda tsoka."

Ban yi mata alkawari ba, domin abin ba a hannuna yake ba. Na ce zan tambaya, kuma duk amsar da aka ba ni zan kawo mata ita yadda take.

Na fara da Matiron, kamar yadda tsari ya tanada. Ta saurare ni, ta cire tabarau, ta ce, "Malam Sani, wannan aikin jinya ne ko na masu haƙa kabari? In ka fara, gobe kowa zai zo a ba shi nasa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, in ban fara ba, matar nan za ta dawo mana da gyambon da ba mu da maganinsa."

Ta ce ba hurumin asibitinmu ba ne, amma ba ta hana ni tambaya ba, muddin na sanar da likitanmu kuma ban ce wa kowa da yawun asibiti nake magana ba.

Na kira Yusufu, abokin karatuna a jami'a, wanda ke aiki a ɗakin tiyata a Sakkwato. Ya ce ai in an yanke wa mutum ƙafa ko hannu, dangi kan karɓa su binne, sananne ne. Nono ne dai shi bai taɓa ganin an nema ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ƙafa maza ke zuwa karɓa, su kuwa ba su jin nauyin tambaya." Ya kai maganar ga likitan da zai yi aikin da shugaban ɗakin gwaji, suka amince bisa sharuɗɗa. Dole a gama gwaji tukuna, kuma hakan yakan ɗauki makonni. Ƙananan da aka yanka za su zauna a wurinsu. Sauran za a ba da shi a ƙunshe, ba za a buɗe ba, domin maganin da ke jikinsa yana da illa. Sannan mijinta ne zai zo ya karɓa da kansa.

Na kai mata amsar. Ta ce ta ji, saura ta ji ta bakin yayanta, Malam Bello, mai makarantar Islamiyya a Amarawa. Da izininta na gaya wa Alhaji dalilin a mota, muna hanyar ɗauko malamin. Muka ci gaba da tafiya. Can ya ce, "Tun tana yarinya muke tare, ta kasa gaya min wanga, sai kai?" Na ce masa wani abin ya fi sauƙin faɗa ga bare. Ban sani ba ko amsar ta gamsar da shi.

Malam Bello ya zauna da ita a gabanmu. Ya ce jikin ɗan Adam yana da alfarma, abin da aka yanke daga gare shi akan naɗe shi a ƙyalle mai tsabta a binne, ba wanka, ba salla. Sannan ya dube ta ya ce, "Amma Kulu, ki ji da kyau. Ko da ba su ba da shi ba, babu laifi bisa kanki. Jinkirin ga da kike yi shi ne abin tsoro. Taurin kan nan naki tun muna yara, har yanzu bai tsufa ba?"

"Wurinka na koya, Yaya," in ji ta.

Aka sa rana ta uku, ta je, aka yi aikin lafiya.

Da aka sallamo ta, ta riƙa zuwa wurinmu wankin ciwo. Ciwon yana kamewa yadda ake so. Sista Rabi ta koya mata motsa hannu, ta riƙa hawa bango da yatsu kaɗan-kaɗan don kada kafaɗar ta sandare, kuma tana yi. Sai dai duk lokacin da aka kwance bandeji takan juya fuskarta ga bango. An koya mana cewa ranar da mace ta iya kallon wurin, ranar ta fara karɓar jikinta, kuma ba a tilasta mata. Ita ba ta kalla ba. Tambayarta ɗaya ce kullum, tun daga bakin ƙofa: "An kira?"

Makonnin nan sun yi mini nauyi. Ɗakin gwaji yana da aiki da yawa, hannaye da yawa kuma ke taɓa kaya. Na riƙa tambayar kaina, in wani da bai san da maganar ba ya haɗa nonon da kayan da za a ƙone, me zan ce mata? Da maganata ta kwanta aka yanka ta. Na san aikin ya zama dole ko da binnewa ko babu, amma na san kuma cewa akwai sauran magani mai wahala a gabanta, wato ƙarin ruwan maganin daji, kuma macen da ta ga an saɓa mata ba za ta sake miƙa hannunta ba. Na dami Yusufu da waya har ya ce na fi uwargidansa kiran sa.

Da aka kira, Alhaji ya tafi da motarsa ba tare da ko buhu ɗaya ba. Ban halarci abin da ya biyo baya ba, shi ya ba ni labari. Da ya dawo da ƙunshin, ita ta zaɓi farin yadin da za a naɗe shi daga cikin hajarta. Bayan la'asar ya ɗauki fartanya ya gina ramin da kansa a bayan ɗakinta, ya hana yaran gida taimaka masa, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa tana gaya masa ya ƙara zurfi. Ya ce rabonsa da riƙe fartanya tun kafin ya yi aure, kuma sai da ta yi masa ba'a a kan hakan.

Zuwanta na gaba, ciwon ya riga ya warke, dubawa kawai za a yi. Sista Rabi ta ɗage mata riga, sai Hajiya ta sunkuyar da kai ta dubi wurin. Ta daɗe tana kallo, ta bi tabon da yatsa tun daga tsakiyar ƙirji har hammata.

"Wanga ɗinki," in ji ta, "da telana ya yi shi, da na mayar mashi."

Muka yi dariya, ita ma ta yi, sai dariyar ta juye kuka. Shi ne kukan farko da na ga ta yi tun da aka gaya mata sunan ciwon. Sista Rabi ta rungume ta, ni kuma na fita na ja musu ƙofa. A satin ta koma Sakkwato ta fara karɓar ƙarin ruwan, kuma ta kammala shi duk da wahalarsa. Tana nan da ranta, tana kasuwancinta, tana zuwa a duba ta. Ba zan ce ta rabu da ciwon har abada ba, domin daji ba ya ba da wannan tabbacin.

Nakan tuna matan da aka tabbatar musu da ciwon nan, suka tafi ba su dawo ba, muka ce sun ƙi magani. Ba na cewa dukkansu dalilin Hajiya Kulu ne da su, kuma ban san adadin waɗanda tambaya ɗaya za ta tsayar ba. Amma tun daga lokacin, in na gama bayani nakan zauna in tambayi mace abin da ban taɓo ba, in kuma jure shirun da ke biyo baya. Wata ta ce wa zai yi mata wanka, ita da ba ta da 'ya mace. Wata ta ce yaya sallarta da robar da ke zubar da ruwa a jikinta. Babu ɗaya daga cikin tambayoyin nan da aka yi mana a jarrabawa. Abin da na fahimta shi ne, mutanenmu suna son rayuwa kamar kowa, sai dai akwai abin da mace ba za ta miƙa jikinta ba sai an warware mata shi, kuma ba za ta faɗe shi ga wanda ta ga yana sauri ba. Likita yana da layi a bakin ƙofarsa, miji yana da fargabarsa. In mu ma'aikatan jinya ba mu tsaya mun ji ba, babu wanda aka ajiye domin ya ji.