Ƙafata da Babana

Salama a gare ku 'yan'uwa. Tun kaka ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri, ba raini ba ne. Sai yau na iya zama in rubuta.

Muna yankan dawa a gonarmu ta bayan Kafur kububuwa ta sare ni a idon sawu. Na ɗauka ƙaya ce, sai da na ga tana sulalewa cikin kara.

Baba bai bar addinin kakanninmu ba, ni ne na bi Yesu. Kuma duk ƙauyukanmu an san shi da maganin maciji. Ya ɗaure ƙafar tamau, ya yi tsaga, ya shafa magani. Matata Rahila tana kuka tana roƙon a tafi asibiti, ya ce, "Ke yarinya, na warkar da 'ya'yan wasu, nawa ne zai gagare ni?"

Ni kuwa na bar shi ya ci gaba. Ubana ne.

Sai da jini ya fara fitowa ta dasashina, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, sannan aka kai ni Funtua.

A asibiti sai a ɗebi jinina a zuba a 'yar kwalba, a jira a ga ko zai daskare. Ya ƙi. Allurar kashe dafi ta cinye masarar da muka girbe kaf. Daga baya jinin ya tsaya, amma ƙafar ta riga ta mutu. Likita ya ce, "Malam Yohanna, ko ƙafar ko ranka."

Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Baba ya biyo mu, amma ya kasa shigowa ɗakin. Yana zaune ƙarƙashin darbejiya, ta taga nake hango hularsa. Ni kuwa ban ce a kira shi ba. Ganin hular ma ƙona mini rai yake yi.

Duk mai zuwa dubiya addu'arsa ɗaya ce, Allah ya ba da lafiya. Sai Mama Saratu, shugabar zumuntar matan majami'armu, ta zo da kunu. Ta dube ni, ta leƙa taga, ta ce, "Yohanna, likita ya gama da ƙafa. Nan fa?" Ta nuna ƙirjina. "Ka daina roƙon Allah kamar mai jin kunya. Ka roƙi babban abu."

Na ji haushinta sosai. Amma tana fita na fashe da kuka, na ce: Ubangiji, ƙafa ba za ta tsiro ba, na sani. Ka sa in yi girma a cikinka har in fi ƙarfin fushin nan. Ka ba ni zuciyar da za ta so Baba fiye da ƙafata. Shi kuma ka nuna masa kanka, rabi-rabi ba na so.

Ba ranar aka amsa ba. Kullum bayan wankin ciwo sai in maimaita, wani lokaci zuciyata ba ta yarda da bakina ba.

Ana gobe sallama na ce wa Rahila ta kira shi. Ya shigo duk ya rame, yana kallon inda mayafi ya kwanta babu komai a ƙarƙashi. Ya ce, "Ni na ci ƙafarka, ɗana."

Na kama hannunsa na ce, "Baba, cetona ka so yi. Na yafe." Kuma da gaske nake.

Da muka koma gida, da hannunsa ya sassaƙa mini sanda. In muna addu'ar safe sai ya zauna bakin ƙofa yana saurare.

Farkon damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Wata rana da hantsi ya ce, "Yohanna, yi mani irin roƙon nan naka, wanda ba ka jin tsoro." Na yi. Ya ce amin. Bai kai la'asar ba.

Na gode wa Allah, na warke. Na gode wa Rahila, da ma'aikatan jinya, da maƙwabcinmu Alhaji da ya ɗauke ni a motarsa, da ku da kuka tuna da ni.

In maciji ya sari wani, kada a ɗaure, kada a tsaga, a wuce asibiti nan take. Kuma in za ku yi addu'a, kada ku tsaya kan lafiyar jiki kaɗai. Ku roƙi girma cikin Almasihu, naku da na waɗanda kuke fushi da su, tun suna raye.

Yanzu in na farka da safe, ba ƙafar nake nema ba. Baba nake nema.