Fuskar Mai Saiwa a Jikin Kwalba

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihin maƙwabcina ne, wanda unguwa ta sani da Mai Saiwa. Tun ƙuruciyarsa yake haɗa maganin ciwon gaɓoɓi a wani ɗaki mai ƙaramar taga. A inuwa yake shanya saiwoyinsa, kuma ba ya ba kowa abin da bai fara ɗanɗanawa da harshensa ba.

Da ƙarfinsa ya ragu, sai ɗan ƙaninsa, wanda shi ya rene shi, ya karɓi sana'ar. Ya kai wa hukuma haɗin da tsohon ya yi da hannunsa, aka auna, aka ba shi lamba. Ya buga takarda mai ɗauke da lambar da hoton tsohon, ya manna wa kwalabe, suka shiga kantunan magani. Sai dai abin da ya ci gaba da ɗurawa ba shi aka auna ba. Ƙwayoyin kashe ciwo yake niƙawa ya zuba, domin mai saye ya ga aiki nan take.

Mai Saiwa bai sani ba, sai ranar da wata mata ta tare shi a bakin titi. "Kai ne na jikin kwalbar!" in ji ta. "Mijina na kwance, ƙodarsa ta lalace, kai kuma kana yawo da carbi!"

Da ya bincika ya gane gaskiya, ya ce wa ɗan nasa, "Cire fuskata."

Ɗan ya yi dariya. "Haba Baba, wa ya damu da saiwarka? Furfurarka ake saye."

Tsohon ya kai ƙara hukuma, aka ce za a duba. Da ya gaji da jira, ya shiga bin kantuna yana kankare hotonsa da farce. Wani mai kanti ya riƙe masa hannu, ya ce, "Tsoho, sayi taka ka je gida ka kankare."

Daga nan aka fara ce masa taɓaɓɓe. Ya bar sahun gaba a masallaci, ya koma na ƙarshe, yana sunkuyar da kai.

A haka ajali ya riske shi. Ba a jima ba ɗan ya ƙara kalmar "marigayi" a ƙarƙashin hoton, ciniki kuma ya ƙaru.

Ya Allah, Ka san hannun Mai Saiwa bai zuba ba. Ka jiƙan sa, Ka wanke shi a ranar da asirai za su bayyana. Amin.