Awa Biyar Daga Jidda

Ni na faɗa wa Inna cewa daga Jidda zuwa Kano awa biyar ce a jirgin sama. Ran da zan tafi aikin jinya Saudiyya ne, tana zaune tana juya kifi a kan raga a bayan gidanmu na Warra, ta ƙi kallona. Na ce, "Inna, awa biyar ce fa."

Ta ɗago. "Awa biyat? Ke ɗiyag ga, ashe kusa na! In an taso da hantsi, kahin la'asar an iso ke nan."

Na ce ƙwarai. Ai ba ƙarya na yi ba, haka yake a rubuce jikin tikiti.

Inna ba ta taɓa wuce Yelwa ba. Tafiya a wurinta kwale-kwale ce: ka je bakin ruwa, ka shiga, ka sauka. Ina za ta san da neman izini wurin aiki, da karɓo fasfo, da jiran ranar da jirgi ke tashi? Balle hanyar Kano zuwa Yauri, mai cinye yini guda ta bar ka da ciwon baya.

Zaman can, wallahi kaɗaici ne. In na tashi aiki sai ɗaki, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, ba mai ce mini sannu da Hausa. Na kan kira ta in yi shiru don kawai in ji kajinta. Ita kuwa ko a jikinta. Duk wanda ya yi mata jajen nisana sai ta ce, "Wane nisa? Ta fi mai zuwa kasuwa a ƙafa kusa."

Da ciwo ya kwantar da ita, ƙanena ya so ya sanar da ni, ta hana. Wai kada a tada mini hankali ina aikin mutane, in abin ya yi tsanani ai yini guda bai ƙarewa na iso. Sai wata safiya ta ce masa, "To, yanzu kira ta."

Na yi roƙo, na yi kuka, na yi masifa a ofis. Kai! Sai a kwana na uku na sauka tashar Warra, na tarar da tabarmin zaman makoki a ƙofar gida.

Ƙanena ne ya ba ni labari. Yana ajiye waya ta sa aka shimfiɗa mata tabarma daidai ƙofar ɗaki, inda za ta hango mai shigowa. Ta sa aka ɗora shinkafa da busasshen kifi, irin yadda nake so. Da aka kira la'asar ta ce a gyara mata ɗankwali, wai kada in same ta haka.

Har aka yi magariba tana tambaya ko an ji tsayuwar mota.