Ƙafar da Ke Rufe Iri

Ciwon ya sami Baba a ƙarshen kaka, cikin shekarun nan da buhun taki ya fi ƙarfin manomi. Ya miƙe zai ɗauki buta, ɓarin jikinsa na dama ya ƙi binsa. A asibiti a Kano aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo ta. Na ɗauki hutu a wurin aiki na maido shi ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa.

Mun yi masa abin da ake yi wa babba. Inna tana ba shi kunu a baki, ni ina sa masa takalmi, ko ƙoƙon ruwa ba a bari ya miƙa wa hannu. Ƙafar ta ƙara nauyi, yatsun hannun suka fara dunƙulewa.

Baba da ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, ba su taɓa raba gonar gado ba. Da bazara ta kama, Baffa ya zo da wani ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau mai neman filin gina sito a bakin hanya.

"Yaya, gandu ba ya zama babu mai jan gaba," in ji Baffa. "In ruwa ya sauka ba ka fita ba, a raba, in sayar masa da nawa na bakin hanya."

Bakin hanyar nan ne wurin da muke zuba takin gida shekara da shekaru. Abin da zai rage ba zai ciyar da mu ba.

Ranar da muka koma asibiti, ma'aikaciyar da ke koya wa masu irin ciwon motsi ta gan ni durƙushe ina gyara wa Baba ƙafa.

"Malam, kai ne marar lafiyar ko shi?" ta ce da ni. "Ladabin nan naku zai ƙarasa abin da ciwon ya fara. Baba, wane aiki ƙafar nan ta sani?"

"Shuka," ya ce, maganar tana fita ta gefen baki.

"To shuka za ta riƙa yi kullum har ta tuna. Kada wanda ya taya ta."

Tsakar gida ta zama gona. Inna ta sare ramuka da sungumi. Gero ba na wasa ba ne a shekarar, don haka tsakuwa muka zuba masa a ƙoƙo muka rataya a wuyansa. Sanda a hagu, ya tsinci tsakuwa da dama, ya saki a rami, ya ja ƙasa da ƙafa ya rufe. Da farko yatsun ba sa buɗewa sai ya wuce ramin. Ƙafar kuwa jan ta yake kamar kara. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce mu ji tsoron Allah. Inna takan cusa hannayenta cikin zane don kada su tafi su riƙe shi.

Hadari ya fara haɗuwa daga gabas da maraice. Kowace shekara roƙonsa muke yi, amma a wannan karon in na ga ya yi baƙi sai in yi fatan ya dakata, domin ƙafar ba ta gama koyo ba.

Ruwan ya sauka. Da safe muka kai Baba gona a amalanke. Baffa yana tsaye a jikin gambar iyaka, ɗan kasuwar yana zaune a kan babur. Baba ya kama layi guda da gero na gaske.

"Yaya, wannan layi ne ko sawun maciji?" Baffa ya ce.

"Macijin ma a gonarsa yake," in ji Baba, bai ɗago ba.

Wasu ramukan sun rufu, wasu iri yana kallon sama, kurciyoyi kuma suna jira a kan gawo. Na yunƙura zan bi bayansa in rufe, Inna ta damƙe mini riga. Ya kai ƙarshen layin da kansa.

Baffa ya bi layin da kallo har ƙarshe. "A bar maganar rabon sai kaka," ya ce.

Layin ya tsiro da giɓi da yawa, kuma daga hanya ana ganinsu. Baba ya sa aka sake rataya masa ƙoƙon tsakuwa, ya koma shuka a tsakar gida. Ɗan kasuwar bai daina biyowa ta wurin ba. In ya zo daidai gonar yakan rage gudu.